'Ya'yan Gwaggo

Sunana Mailafiya. A Dutse aka haife ni, bayan Garu, kuma dabino na gada. Ubana ya bar mini matan dabino goma sha ɗaya a fadama. A cikinsu akwai wata doguwa da muke kira Gwaggo, don ta girmi ubana. Gindinta cike yake da 'ya'ya da jikoki. Dabinonta ba shi da girma, amma in ka sa ɗaya a baki sai ka nemi ruwa.

Namiji ba ni da shi. Mai ƙaramin lambu ba ya ajiye namijin dabino. Yana shan ruwa, yana cin wuri, ba ya haihuwa, kuma guda ɗaya ya ishi unguwa. Namu na Maharazu ne, wanda muka haɗa iyaka da shi. In sanyi ya shigo, kuben da ke rufe furen mace ya tsage, sai ka je ka yanko furen namiji, ka raba shi sili-sili, ka cusa a cikin nata, ka ɗaure. Ba a saye, ba a roƙo. Sallama kawai ake yi. Shekara arba'in ina haka. Sai dai in kube ya tsage kwana uku gare ka, in ta yi tsawo huɗu. Bayan nan ko ka ɗaura ba ya kamawa.

Da aka yanke mana jiha aka ce Dutse ce hedikwata, gari ya yi ta kiɗa. Ni ban fita ba. Kafin shekara biyu masu awo suka shigo fadama da igiya da jan fenti. Aka ce titi zai bi ta nan, gidajen ma'aikata ta can. Mu bakwai muka tsaya a gindin Gwaggo muka yi magana cewa ba wanda zai sa hannu. Maharazu ne ya fara dangwala yatsa. Da ya dangwala, sauran suka bi. Nawa gefen titin ya cinye duka. Shi aka bar masa rabi, har da namijin.

Ɗana Abdulbaƙi ya samu aikin masinja a lokacin. Ya so mu zauna, ya ce zai kafa mini teburin kayan miya a bakin sabon titin. Na ce masa ban yi furfura don in zauna bakin titi ina korar ƙuda ba. Uwata mutuniyar Gidan Makau ce, wani ƙauye gaba da Kafin Hausa, kuma gonar gadonta tana nan ba mai nomawa. Na ce can zan koma, inda mutum zai fito da safe bai yi karo da bulo ba, ya ɗaure akuyarsa, ya ci abin da ya noma.

Na gaya wa matata Kubura. Abu ɗaya ta tambaya, ko akwai rijiya. Na ce akwai. Ban gaya mata zurfinta ba.

Kafin a sare Gwaggo na cire 'ya'ya bakwai daga gindinta, na naɗe kowacce da jiƙaƙƙen buhu. Ranar tafiya muna loda kaya a akori-kura sai ga Maharazu da nasa buhun a kafaɗa. Ɗan namijinsa ne ya ciro.

Ya ce, "Mailafiya, haɗa da wannan. Can da za ka, ba dabino ko ɗaya."

Na ce, "Kai wa masu igiya. Su ne abokanka."

"Kai dai da zafin kan nan za a binne ka. Mata bakwai ba miji, gidan zawarawa za ka buɗe?"

Direba ya yi dariya. Da bai yi ba, wataƙila da na karɓa. Kubura ta leƙo daga gaban mota ta ce, Malam, a karɓa mana, ai ba shi da nauyi. Na ce ta gyara zama. Muka tafi muka bar shi tsaye da buhu.

Gidan Makau ba ta cuce ni ba da farko. Gero ya yi, wake ya yi. Na gina ɗaki biyu da rumbu, na yi danga, muka tara awaki da zabi. Da asuba kukan kurciya kake ji, ba na mota ba. Amma ƙasar rairayi ce, kuma zurfin rijiyar gaba ashirin da biyu ne. A fadamar Dutse saiwa ce ke nemo ruwanta. A nan sai an kai mata. Kowace 'ya garwa biyu da safe, biyu da yamma. Ni nake ja, Kubura take ɗauka, don daga rijiya zuwa gona akwai tafiya, kuma ba a barin guga a layi. Huɗu suka mutu a rani na biyu. Uku suka kama.

Ban manta da namiji ba. Na shuka ƙwallo a gefe, awaki suka cinye. Na sake, gara ta ci. Na uku, biyu suka tashi. Amma ɗan ƙwallo ba ya nuna ko mace ne ko namiji sai ya kusa shekara goma. Na ce akwai lokaci.

Ɗan'inna taubashina ne, ɗan kawuna, gonarsa tana kusa da tawa. Kullum in ya wuce sai ya tsaya ya tambayi lafiyar amarena uku, ya ce bai taɓa ganin mai kishiyoyin da uwargida ke ɗebo musu ruwa ba. Kubura ce take rama mini. Ni ba na tanka shi.

A shekara ta shida ta fara haki. In ta sauke garwa sai ta dafa danga. Ƙafafunta suka kumbura. Abdulbaƙi ya zo ya ɗauke ta zuwa asibiti a Dutse, aka ce zuciya ce, aka ce ta daina ɗaukar nauyi. Ya yi ta roƙonta ta zauna a gidansa. Wata ɗaya ta yi, ta dawo a kan acaɓa da ƙullin magani. Na yi mata faɗa. Ta zauna a kan turmi har numfashinta ya dawo, sannan ta nuna gona da haɓa.

Ta ce, "Ruwan da na ɗaukar wa 'yan banzan nan ya isa a yi kogi. Ba inda za ni sai na ci nasu. Ko guda ɗaya ne."

Daga nan ni ke ja, ni ke ɗauka.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, da sanyinta ya shigo, dukan ukun suka fid da kube. Wata Laraba da safe na je na tarar sun tsage, fure ya fito fari. Na daɗe a tsaye. Da na gaya wa Kubura, ba ta yi murna ba tukuna. Ta ce in tashi yanzu in tafi wurin Maharazu, sallama ce kawai. Na ce na ji.

Ban je ba. Na hau keke na tafi Kafin Hausa, na bi masu sayar da dabino ina tambaya. Duk sari suke yi, ba wanda ya san inda itacen yake. Wani ya ce akwai ɗaya a makarantar wani malami, arewa da gari. Alhamis na je. Malamin ya karɓe ni da kirki, ya kai ni bayan gida. Mace ce, ita ma ba ta taɓa riƙe ɗa ba. Shi ya koma tambayata dalili.

Juma'a bayan masallaci Ɗan'inna ya same ni a gona. Wannan karon bai yi tsiya ba. Ya ce ga namijin goruba nan a bakin kwari yana fure, ai duk dangi ne. Na san ba ya yi. Tun ina yaro na sani. Amma na je na yanko, na ɗaura a kube ɗaya. Da na shiga gida Kubura ta ga garin furen a hannun rigata, ta tambaya daga ina. Na faɗa mata. Ta juya fuska bango. Ba ta ci tuwo ba ranar.

Asabar na fita bakin hanya tun da hantsi. Mota ba ta shigowa ƙauyenmu sai ta ga dama, ranar ba ta ga dama ba. Lahadi na samu bas daga Kafin Hausa. Mata a baya, maza a gaba, ana ta musu a kan shari'a, wannan na cewa ɓarayin awaki sun shiga uku, wancan na cewa manya ba za ta taɓa su ba. Ni kwana nake lissafi. Taya ta fashe mana a hanya. Sai la'asar muka shiga Dutse.

Ban gane fadama ba. Da tambaya na samu shagon Sadisu, ɗan Maharazu, yana sayar da siminti. Uban yana kan tabarma a gefe, idonsa ya yi fari. Na yi sallama. Ya ɗaga kai.

"Mai zawarawa ne?"

"Ni ne."

"Sun tsage ke nan."

"Sun tsage."

"Kwana nawa?"

Na ce biyar. Ya murza carbi. Can ya ce da ko direba na aiko, da ranar nan fure ya kwana a Gidan Makau. Bai ƙara komai a kai ba. Ya tambayi Kubura, na ce da sauƙi. Ya ce Abdulbaƙi ya gaya masa irin sauƙin.

Namijin yana nan, amma yanzu a cikin katangar wani ma'aikaci yake. Sadisu ya nemi izini, ya hau, ya yanko mini kube biyu. Ya ce, Baba, a gwada dai, Allah ne mai yi. Na kwana gidan ɗana. Litinin da azahar na iso gona. Furen matan ya riga ya dafe, bakinsa ya bushe. Na kunce na goruba na yar. Na cusa, na kaɗa, na ɗaure dukansu yadda ubana ya koya mini.

Bayan wata biyu 'ya'ya suka fito. Wanda ya kama ɗaiɗai yake fitowa. Nawa uku-uku suka fito a gindi ɗaya, ƙanana, manne da juna. Na fasa ɗaya da farce, ba ƙwallo. Na bi nonon dabino tara ɗaya bayan ɗaya ina neman ko guda. Babu. Ban gaya mata ba. Kullum in na dawo sai ta tambaya, in ce suna girma. A lokacin ba ta iya fita tsakar gida sai an riƙe ta.

Da zafi ya yi tsanani, lokacin da dabino ke nuna, ta ce in kawo mata. Na ce ba su yi ba. Ta ce in kawo hakanan. Na tsinko waɗanda suka fi rawaya, na wanke, na zuba a ƙoƙo. Ta ɗauki ɗaya ta duba, ta ga 'yan'uwansa biyu a manne. 'Yar masu dabino ce ita ma. Ta sa a baki ta tauna a hankali. Bauri ya kama mata harshe, ta tofar a hannu.

Ta ce, "Malam, buhu ɗaya ne fa. Ko a cinyata da na riƙe shi."

Na ce baɗi za su yi. Ta ce Allah ya kai mai rai. Ta miƙo mini ƙoƙon.

Gero yana kai gwiwa ta rasu. A Gidan Makau muka binne ta. Abdulbaƙi ya ce in tattara mu koma, na ce a'a. Ya yi fushi, ya tafi.

Da lokacin sanyi ya zagayo, tun kube bai tsage ba Sadisu ya aiko fure a hannun direba. Ya ce wasiyyar ubansa ce, don shi ma Maharazu bai ga kaka ba. Na ɗaura a rana ta farko. Suka kama, nono goma sha huɗu. Ɗan'inna ya ci ya ce bai taɓa jin irinsa ba, matan ƙauye suka zo da kwanuka. Na ce kowa ya tsinka. Abin da ya rage jemage suka cinye.

Yanzu garwa ɗaya nake iya kai wa kowacce cikin ukun, wani lokaci sai na tsallake yamma. Ta gabas ta fara bushewa daga ƙasa.