Katifar Alhaji Mudi

A daminar bara magana ta zagaye unguwarmu a Malumfashi cewa daddawar Sabuwa tana sa ƙaiƙayi. Wasu suka ce da ruwan kududdufi take dafa kalwa. Wasu suka ce a'a, wani abu take barbaɗawa don a riƙa dawowa saye. Shaidar kowa ɗaya ce: ƙanena Alhaji Mudi, dillalin masara, wanda wuyansa da damatsansa suka feso da ƙuraje, yana susa ko a sahun salla.

Mijin Sabuwa ya rasu, da daddawar nan take riƙe da gidanta. Sai ga shi mata sun daina aikowa saye.

Ni kimiyya na koyar a firamare har na yi ritaya, kuma ba kalmar da na tsana kamar "an ce". Na sayo daddawar, na zabga a miyar kuka har ta yi baƙi, na ci safe da yamma. Iyakar abin da ya faru, maƙwabta sun san abin da na dafa. Sai na nufi gidan Mudi.

"Yaya, ke fatarki ta tsufa, ba abin da zai kama ta," in ji shi.

"Yaushe rabonka da daddawar?"

"Tun kafin shuka."

"Ga shi an gama noman maimai, kana nan kana kaɗa jikinka kamar garaya."

Matarsa Hajiya Shafa'atu ta ce ai abin ya riga ya shiga jini. Ta ce sun gwada jiƙon maɗaci, sun gwada hayaƙi, amma ba ya samun sauƙi sai in ya je lodin masara Funtua ya kwana biyu a can. Iskar Funtua ce ta karɓe shi.

"A kan me kake kwana a Funtua?"

"Tabarmar roba, a shagon abokina."

Na ce a nuna mini ɗakinsa. Tun saukar ruwan fari tagogi ke rufe saboda sauro. Ga kafet, ga labule mai kauri, ga katifar audugar da mahaifinmu ya sa aka ɗura masa da audugar gonarsa lokacin aurensa. Na kai mata duka da tafin hannu. Na yi atishawa, Mudi ya yi ta jerawa har hularsa ta faɗi.

Da ƙyar na ja shi asibiti. Likitar ta duba ƙurajen, ta yi tambayoyinta, ta ce da alama ƙwarin ƙura ne, masu zama a katifa da filo da kafet, suna cin ɓawon fatar da mutum ke zubarwa, kuma damina ce lokacinsu saboda danshi.

"Kuɗin cizo? A gidana?"

"A'a, Alhaji. Waɗannan ba sa cizo. Ido ma ba ya ganinsu."

"Ba ya cizo, ba a ganinsa, kuma shi ke sa ni susa? 'Yata, aljani kike faɗa da Turanci."

"Kashinsu ne jikinka ba ya so, Alhaji."

Jin kalmar kashi ya yamutsa fuska.

Ta rubuta man shafawa da ƙwayar rage ƙaiƙayi. Ta ce ya yanke farce, ya daina susa. A wanke zanin gado da ruwan zafi duk mako, a naɗe kafet, a buɗe taga, a riƙa goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara. Katifa kuwa gara a sake. Mudi ya ce audugar mahaifinsa ce. Ta ce to a shanya ta a rana, a kakkaɓe ta sosai, a sa mata rigar leda.

Muna cikin Keke Napep ya juyo ya dube ni.

"Yaya, tsakani da Allah, a garin nan wa ke shanya katifa?"

Na san amsar. Tsakar gidansa mangwaro ya rufe ta, ba inda rana ke bugawa sai katangar waje, kan hanyar masallaci. Yaransa duk sun girma sun bar gida, ba wanda za a ɗora wa.

"Da gemuna, a ce Alhaji Mudi yana fitsarin kwance? Wa zai ƙara ba ni buhunsa? Gara na mutu da susa."

"Kai ka mutu da susa, Sabuwa da yunwa."

Sai na kawo masa ciniki, tunda shi ne yaren da yake ji. A kai katifar gidana, ni zan shanya a katangata. Shi kuma, in ƙurajen sun lafa, zai je ƙofar Sabuwa da ƙafarsa bayan la'asar, lokacin da majalisa ta cika, ya sayo daddawa ya ratsa da ita a buɗe.

Ranar da hadari ya ɗaga na shanya ta. Kafin azahar an fara sallama. Wata ta ce, "Malama, ya jiki? Tsufa ne, sai haƙuri." Wata da na koya wa ABCD ta kawo mini garin magani a ƙunshe, ta raɗa mini cewa kakarta ma ta yi fama. Na karɓa na yi godiya, na ci gaba da jibgar katifa da muciya, na ɗaure hanci da ɗankwali.

Kafin masara ta fara bunƙasa wuyan Mudi ya washe. Ya so ya aika a sayo masa daddawar, na ce ba haka muka yi ba. Ya saka babbar riga, ya tafi, ya dawo da daddawa a faifai yana kawar da hanci.

Ya ratsa majalisa da ita. Wani ya ce, "Alhaji, ba ita ce ba?"

"Ba ita ce ba."

"To mece ce?"

Mudi ya waiga ya hango ni tsaye a ƙofar gidana. Ya ce, "Ku tambayi likita," ya ƙara sauri.

Washegari mata suka koma aike gidan Sabuwa.

Daddawar Sabuwa ba ta sa ƙaiƙayi. Ƙwarin ƙura ne a katifar Alhaji Mudi. Ni kuma ba na fitsarin kwance.