Takin Gonar Kwari

Tun ranar da masarar kwari ta fara yin rawaya, Malam Gide ya daina kallon ƙanensa Salihu cikin ido. Su biyu ke noman gandun da mahaifinsu ya bari a Tafoki, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Bana zazzaɓi ya kwantar da Gide lokacin zuba taki, Salihu ne ya kai buhunan gona shi kaɗai. To ga masarar gandu kamar mai ciwon shawara, ga 'yar gayaunar Salihu, gonarsa ta ƙashin kansa, can kan tudu shar da ita. Gide kuwa in zargi ya shige shi, ko tari ka yi sai ya ce da biyu ka yi.

Ya tare shi a zaure. "Salihu, ina takin nan ya tahi?"

"Mi kake nuhi, Yaya? Wallahi duka kwari na zuba shi. Ruwa ne ya kwanta wajen."

"Ashe ruwa ma ya iya sata."

Salihu ya sunkuyar da kai, idonsa ya yi ja. Matar Gide, Hajaratu, ta yi lallashi har ta gaji. Gide ya tara dattawa aka raba gandu, ya riƙe kwari, ya ce a ja katanga tsakar gida.

Ya je Sheme ya sayo wani buhun, ya zuba da hannunsa, ko ɗansa bai bari ya taɓa ba. Ruwan sama bai ɗauke ba. Kullum yana tsugune bakin kunya, ruwa kwance, 'yan kumfa na tasowa daga laka suna fashewa. Masara ta ƙara rawaya.

Wani malamin gona da ya biyo ta hanyar ya dubi wurin ya girgiza kai. "Baba, ƙasa in ta sha ruwa haka ba ta numfashi. Takin sai ya zama iska ya tashi sama, sauran ruwa ya wanke."

"Salihu ya turo ka?"

"Wane ne Salihu?"

Gide ya daɗe yana kallon kumfar, kunya ta rufe shi. Ya nufo gida da ban haƙuri a bakinsa, ya tarar magina sun gama katanga suna wanke hannu. Yana jiyo muryar Salihu a ɗaya gefen. Ya bi bangon da ido yana neman ƙofa, sai ya tuna shi da bakinsa ya ce kada a bar ta.