Gwangwanin Kusoshin Baba

…kuma wai kada in murza. Sun ɗiga min magani a ido biyun, sun ce in jira ya kama, ga shi komai na ɗakin jiran nan ya narke. Agogon bango ma jin sa kawai nake. Ɗingishi yake, Baba. Da kana raye da tuni ka nemi kujera ka sauko da shi, ko masu asibitin sun so ko ba su so ba.

Takarda a cinyata, biro a hannu. Sa hannu kawai ya rage. Aikin leza — su goge gaban idon ya daidaita, in rabu da tabarau. Masu ɗaukar 'yan kwana-kwana sun ce sai na karanta allonsu na gwajin ido ba gilashi, abin rufe fuskarsu ba ya zama a kan tabarau. Sau biyu ina cin gudu, ina cin hawan tsani, sau biyu allo yana kayar da ni. Wata mai zuwa ne gwajina na ƙarshe. Shekaru sun zo min wuya.

Likitar nan kuwa… da ka gan ta da ta kwanta maka. Irin hannunka gare ta, ba rawa, ba gaggawa. Ta juyo min taswirar idona a kwamfuta, ja da rawaya da kore, ta ce gabansa ba zagaye yake ba, ya fi kama da bayan cokali, shi ya sa kowane layi ke zuwa min da inuwa. Kaurinsa ya isa a goge, da kyar. Na hagu ne abin tsoro — wanda aka yi wa aiki ina shekara biyar, aka ja jijiyarsa ya miƙe. Zai iya komawa ya karkace. Ko in riƙa ganin abu biyu-biyu. Ba ta ce zai faru ba, ba ta ce ba zai faru ba. Wallahi ta burge ni, mutum ya gaya maka gaskiya yana kallon ƙwayar idonka.

Harara-garke! Harara-garke, wa kake kallo? — yara a bakin ƙofar makaranta, har da tafi…

An miƙar da shi, amma rago ne, bai iya gani ba. Aka ce a rufe mai lafiyar, a bar ragon ya yi aiki. Auduga da filasta, kullum bayan makaranta, a shagonka. Na tsane ka a lokacin, Baba, gara in faɗa. Ka liƙa, in ɓare, ka liƙa, in yi kuka har majina. Sai ka maƙala ɗan madubinka na gyaran agogo a ido ɗaya, ka kanne ɗayan — ka ga, mu biyu ke nan masu ido ɗaya, saura wa zai riga wani gajiya.

Sai gwangwanin kusoshinka ya faɗi.

Kullum sai ya faɗi. Kusoshin agogo, ƙanana kamar tsabar yashi, su watse ƙarƙashin benci, cikin tsagar siminti, bayan ƙafar fanka. Kash, hannun tsufa! Zo, Injiniya, ka ceci babanka. In durƙusa da matsefata, hanci a ƙasa, ido na ruwa, ina tsinta ɗaya-ɗaya ina ƙunƙuni. Mama na ta faɗa, mutum kamar mai hannun mai, gwiwar wandon yaro duk ta huje. Kai kuwa sai dariya.

Ɗazu, kafin maganin, likita ta rufe min na dama ta ce karanta. Na karanta, na gangara, na sake gangarawa. Ta ɗago.

"Wa ya wahalar da idon nan haka?"

Na ce babu kowa.

"A'a. Irinsa ba ya kai wannan layin shi kaɗai. Wani ya sa shi aikin ƙananan abubuwa, kullum, ba fashi."

Hannun tsufa? Ko arba'in ba ka kai ba! Kai da ke ɗaga zaren agogo mai kaurin gashi ka ɗora shi a mazauninsa, numfashi a riƙe? Kai da ban taɓa ganin ko allura ta suɓuce maka gaban mai kaya ba? Shekara uku… kuma sai an liƙa filasta yake faɗuwa. Ranar da aka ce na warke, aka daina liƙawa — ya sake faɗuwa? Ina ta lalube a kaina. Bai sake ba. Ko sau ɗaya.

Ashe ture shi kake yi. Da gwiwar hannu, kana kallon wani wuri. Ka sha faɗan Mama, ka sha hararata, ka tafi kabari ba ka ce uffan ba. Kai, Baba! Wane irin mutum ne kai?

Ina son aikin nan, ka san ina so. Tun ina jin jiniya ina fita da gudu ba takalmi. Amma idon nan aikinka ne. Agogon da ka gyara ba ka yarda wani ya buɗe bayansa, ko waye shi…

Ƙofa ta buɗe. Lambata suke kira, karo na biyu ke nan. Biro ya jiƙe da gumi, layin sa hannun ya rabu biyu, ban san wanne ne na gaskiya ba.

To wannan fa, Baba? In bari a buɗe?