Kafaɗar Merv

Tun da likita ya gaya wa Merv Pascoe, bayan an yi masa tiyata a kafaɗa, cewa hannunsa na dama ba zai sake wuce kafaɗarsa ba, ya rataye raket ɗinsa a gareji, ya koma zaman baranda. Mutumin da ya shekara arba'in yana buga tanis, wanda duk yankin nan na gonakin rake ba wanda bai san zafin bugunsa ba! Ba aikin tiyatar ne ya fi ci masa rai ba. Abin da ya dame shi, shi ke nan ya gama wasa har ya mutu.

Ga kuma cin fuska: filin tanis ɗin yana bayan gidansa, kuma yanzu 'yan wani sabon wasa da ake kira fikilbol sun mamaye shi. Daga safe sai ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwallon roba mai huji-huji da allon bugu kamar na yanka albasa.

"Wasan yara," in ji Merv, ko da ba wanda ya tambaye shi.

Wata Talata sai ga Noelene, tsohuwar abokiyar wasansa, ta leƙo ta kan shinge da allo biyu a hannu. Ita wannan ba ta san lallashi ba.

"Tashi, tsoho. Mu uku ne, muna neman na huɗu."

"Ki nemi jikanki."

"Yana makaranta. Kai ne kaɗai marar aikin yi a layin nan. Ko tsoron Beryl kake? Kwanan nan aka canja mata gwiwa."

Gaskiyar magana tsoro yake ji, amma ba na Beryl ba. Tsoron idon mutanen da suka san shi da ƙarfinsa yake. Duk da haka ya zura takalmi ya bi ta yana gunaguni.

Ya tarar da Beryl da mijinta Col a ɗaya ɓangaren ragar. Col ya ɗaga hula. "A'a! Yau sarkin tanis ne da kansa? Ku ɓoye ƙwallayen, kada ya fasa mana!"

Noelene ta fara bayanin dokoki, Merv ya ɗaga mata hannu, wai shi za a koya wa fili. Ta bar shi. Da bugun farko ya zo kansa, ya tsaya a bayan layi, jiki ya yi abin da ya saba: ya cilla ƙwallon sama, ya ɗaga kai, ya yunƙura. Hannun ya tashi ya tsaya cak a daidai kafaɗa. Wani raɗaɗi ya tsarga masa har wuya. Ƙwallon ya faɗo ya gangara tsakanin ƙafafunsa.

Allah sarki, har Col mai surutu ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe Merv, ya miƙa wa Noelene allon.

"Na gaya miki. Na gama."

Ba ta karɓa ba. "Wa ya ce ka cilla shi sama? Ka ga abin da taurin kai yake jawowa? A nan haramun ne, ko kafaɗarka ta ƙarfe ce. Daga ƙasa ake bugawa, ƙasa da ƙugu, ka aika shi waccan kusurwar."

"Don ni kika ƙirƙiro wannan."

"Don kai? Ji shi! Beryl, yaya ake bugun farko?"

"Daga ƙasa mana," in ji Beryl. "Ku yi sauri, gwiwata tana sanyi."

Merv ya ɗauki ƙwallon. Ya sake shi, ya lilo hannun daga ƙasa yana jiran raɗaɗin. Shiru. Ƙwallon ya tsallake raga ya sauka inda aka ce.

Daga nan fa aka shiga rikici. Col ya mayar, Merv ya ruga ya tare a iska. "Laifi!" in ji Col. "Sai ya taɓa ƙasa sau ɗaya a wajenmu, sau ɗaya a wajenku, tukuna." Can kuma Merv ya matsa jikin raga ya kai mari. "Laifi! Kana cikin kicin!" Kicin shi ne ɗan filin da ke gaban raga, ba a tsayawa a ciki a bugi ƙwallo a iska. Merv ya yi ta masifa, ya ce wanda ya tsara wannan wasa bai da lafiya. Amma bai fita ba. Sannu a hankali ya gane ba ƙarfi ake nema ba, ɗan taɓawa ne a ajiye ƙwallo inda mutum ba ya nan, kuma wannan ai tsohuwar sana'arsa ce.

An cinye su sha ɗaya da huɗu. Suka taru a raga suka haɗa allunansu kamar yadda ake yi in an tashi.

Merv ya zube a benci yana haki, riga sharkaf. Noelene ta miƙo masa shayi daga fulas.

"Noelene," ya ce. "Na gode. Wallahi na gode."

"Kuka kake yi, tsoho?"

"Gumi ne."

"To goge gumin. Ka yi mana asarar maki bakwai."

Ya yi dariya, hawayen suna zuba, bai ma ɓoye ba. Cinyoyinsa suna zogi, tafin ƙafarsa yana zafi, bayansa ya ƙage. Gajiyar wasa ce, irin wadda ya ɗauka ba zai ƙara ji ba a duniya. Ya miƙe ƙafafunsa, ya zauna yana jin daɗinta.