Lungun da Na Nuna wa Rediyo

Shekara shida ina da hanyata, ban taɓa nuna wa kowa ita ba sai mijin ƙanwata. Har gobe idan na tuna ranar, ji nake kamar in mari kaina.

Ni mai zanen gine-gine ne. Aikina awo, kuma awon ya shige mini ido har ya zama ciwo: idan na shiga ɗakin mutum, kafin mu gama gaisawa na san faɗinsa da tsawonsa. Da wannan idon na gano hanyar. Kullum ina sauke yarana a makaranta bakwai saura kwata, lokacin da ake buɗe ƙofa. Daga nan zuwa ofis ta babban titi awa ɗaya da kwata ne, rabinta a tsaye a gindin gada kana shaƙar hayaƙin motar gabanka. Ni kuwa kafin gada nake karya kan mota hagu, in bi bayan gidan bulo, in ratsa ta filin wani tsohon kafinta, sai ga ni a bayan danja ta uku. Minti arba'in. Kafintan bai taɓa hana ni ba. Ina rage gudu don kada in tayar wa kujerunsa masu ɗanyen fenti ƙura, in ɗaga masa hannu, shi kuma ya ɗaga mini zarto.

Minti talatin da biyar ɗin da nake tsira da su na Inna ne, mahaifiyata. Gidanta yana gaba kaɗan da filin kafinta. Likita ya ce a riƙa ɗiga mata magani a ido kowace safiya, in ba haka ba ɗan ganin da ya rage mata zai tafi. Ita kuma hannunta rawa yake yi, sai ta ɗiga a kumatu ta ce ya shiga. Don haka ni nake tsayawa. In wanke hannu, in ɗaga mata haɓa, ɗigo ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ta yi mini faɗan na rame, in wuce. Takwas daidai ina kan teburina.

Mijin ƙanwata Auta, Rediyo muke kiransa a gida, kuma yana amsawa don ya ɗauka yabo ne. Wata safiya motarsa tana wurin makanike, Auta ta roƙe ni in rage masa hanya. Kafin in karya hagu na dube shi na ce, "Abin da za ka gani yanzu, ka bar shi a cikinka."

"Haba Yaya! Ni?" Har da dafa ƙirji.

Kafin azahar ya zuba hanyar a guruf ɗin waya na ma'aikatarsu, mutum ɗari uku da wani abu, da hoton taswira da jan layi, da muryarsa yana cewa, "Jama'a, ga wata hanya da na gano." Da ya gano!

Mako biyu aka yi. Lungun da ni kaɗai nake bi sai ko masu keke ya koma babban titi, ana hon ana zage-zage. Wani mai gaggawa ya bi ta kan gadon da kafinta ya gama ya jingine, ya karya shi biyu, bai ko tsaya ba. Mutanen unguwa suka haɗu suka kafa ƙarafa uku da siminti a bakin lungun. Ranar da na je na ga ƙarafan, na hango kafinta na ɗaga masa hannu. Ya kalle ni ya ci gaba da fiƙe katakonsa.

Daga ranar, zuwa gidan Inna da safe ya zama sai ka haye gada ka zagayo. Na gwada sau biyu, sau biyun na tarar da takardar gargaɗi a kan teburina. Maganin ya koma hannun wata maƙwabciyarta, mai kirki ce amma mantuwa gare ta. Na koma zuwa da yamma, cunkoson yamma ya fi na safe, sai ya zama ƙarshen mako kawai. Inna ba ta taɓa yin ƙorafi ba. "Aiki ne, na sani," take cewa. Amma wata Asabar na tsaya a ƙofar ɗakinta, taku huɗu tsakaninmu, ta ɗaga kai ta ce, "Wane ne?" Sai da na yi magana ta gane ni.

Da na yi wa Rediyo maganar, dariya ya yi. "Yaya, hanya ai ta kowa ce. Kai dai ka cika rowa." Na yi murmushi. Tun daga wannan murmushin na fara jiransa.

Ban daɗe ina jira ba, ya sayi sabuwar mota. Ƙatuwa, baƙa, gilasanta masu duhu, faɗinta kamar ɗakin amarya. Ya kawo ta gidana don in gani. Ya shiga ciki yana ba matata labarin kujerun fata, ni kuma na zaro tef ɗin awo daga aljihu na durƙusa a gaban motar. Mita ɗaya da santimita casa'in da takwas, ban da madubai. Na naɗe tef ɗina na shiga na ce masa Allah ya sa alheri.

Akwai wani lungu da na sani tun lokacin da muka yi aikin gyaran wani sito. Yana tsakanin katangar siton da katangar wata makaranta, tsawonsa ya kai mita sittin. Wanda ya gina katangar siton bai ja igiya daidai ba. A bakin lungun faɗinsa mita biyu da arba'in, kowace mota za ta shiga tana taƙama. Amma yana tsukewa a hankali, yadda ido ba zai lura ba, har ya koma mita ɗaya da tamanin da shida a wurin fita. Ƙaramar motata tana wucewa idan na naɗe madubai. Motar Rediyo ta fi wurin faɗi da santimita goma sha biyu. Kuma na san halin mutumina: idan ya ji abu ya taɓa mota ba zai taɓa sa ribas ba, ƙara taka mai zai yi.

Wata Talata da yamma ya kira ni. "Yaya, ka taimake ni. Gobe ina da wani uzuri tsallaken gada, takwas da rabi. Idan na makara shi ke nan. Ba ka da wata hanyar?"

Ban tambaye shi uzurin ba. Kwangila ce ko ganawa da wani babba, ina ruwana? Yadda ya fi muhimmanci, haka na fi so. Na ja masa rai kaɗan don ya ji daɗin abin, sannan na rage murya na kwatanta masa: bayan gidan mai, dama, sai ya ga sito mai jan ƙofa, ya shiga lungun gefensa. "Amma wannan karon ka riƙe bakinka."

"Wallahi Yaya, kabari!"

Da safe na sauke yara, na kira ofis na ce zan makara awa biyu. Na zagaya na ajiye motata nesa kaɗan da wurin fitar lungun, na jingina da bango ina kallon agogo. Ban ɓoye wa kaina komai ba, daɗi nake ji, irin wanda na manta rabona da shi.

Takwas saura minti goma motarsa ta shigo. Na hango baƙin hancinta daga can nesa, tana tafe da isa. A tsakiyar lungu na ji madubin dama ya fashe. Ta ɗan tsaya. Na ce a raina, taka, ɗan'uwa, taka. Ya taka. Ƙarar ƙarfe a jikin siminti ta cika unguwar, ƙiiii, har haƙorana suka amsa. Motar ta ƙara matsowa taku uku ta cije, saura mita biyar ta fita. Ya sa ribas, tayoyi suka yi ta juyawa a banza suna hayaƙi. Wani bututun ruwa da ke jikin katangar siton ya riga ya nutse cikin ƙofar baya. Ba gaba, ba baya, ba ƙofar da za ta buɗu ko da faɗin yatsa.

Masu babura suka taru a bayansa suna hon. Wani ya ce, "Malam, ka ɗauka jirgin ƙasa ne?" Aka kwashe da dariya. Leburorin sito suka leƙo ta saman katanga, har da masu ɗaukar hoto a waya. Na gyara wuyan rigata na taka a hankali zuwa gaban motar, don ina so ya ga fuskata.

Ya sauke gilashi. Gumi ya jiƙe masa riga. Ya dube ni, ya dubi katangar, ya sake dubana, na ga lokacin da lissafin ya shiga kansa. Na shirya maganata tun jiya: hanya ai ta kowa ce. Na buɗe baki zan faɗa.

"Mun iso ne?"

Daga kujerar baya muryar ta fito. Na leƙa ta gilashin gaba, ta gefen kansa. Inna ce zaune, ta sha mayafinta na fita unguwa, ta rungume jakar ledar da take ajiye katin asibiti da kwalaben magani a ciki.

"Ba mu iso ba tukuna, Inna," in ji Rediyo. Ya juyo gare ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa jin ya yi ba. "Babban likitan ido za ta gani. Wata uku muna jiran ranar nan. Idan aka kira suna ba ka nan, sai wani wata ukun. Ita ta ce kada a gaya maka, wai aiki ya yi maka yawa."

Sirri ɗaya ke nan da Rediyo ya taɓa riƙewa a rayuwarsa.

Na dubi agogo. Takwas da minti biyar. Na dubi tagar, na auna ta da ido ba tare da na so ba: tsakaninta da katanga ko hannu ba zai shiga ba. But ɗin baya zai buɗu, amma sai an tsallake kujeru, kuma Inna ko dokin ƙofarta sai an riƙe ta take hayewa. Janwe mai jan mota kuwa sai ya biyo ta gindin gada, cikin cunkoson da na fi kowa sanin tsawonsa. Motata tana can taku ashirin, lafiyayya, da izinin awa biyu a hannuna, izinin da ban taɓa nema ba don idon Inna.

"Muryar wa nake ji?" ta ce. "Babban ne?" Haka take kirana, don ni ne ɗan farinta.

"Ni ne, Inna."

"Ikon Allah. Kai ma nan ka biyo?" Ta ɗan matso tana laluben bayan kujera, tana kallon inda take zaton nake, kallon nata ya kauce mini da kusan taku ɗaya. "Wai wa ya nuna masa wannan matsatsin?"

Rediyo ya kalle ni. Sannan ya share gumi da bayan hannu ya ce, "Ni na gano ta, Inna. Da kaina."

Inna ta yi tsaki, ta gyara zaman jakar a cinyarta. "Kai dai ba ka jin magana. Ai da ka tambayi yayanka. Shi ba ya ɓatar da mutum a hanya."