A Kan Giwa Nake Zama

Kafin kowa a garin nan ya san akwai wata aba wai ita amfilifaya, mai ƙara wa kiɗa sauti, ni na gan ta. Ina dako a bayan shagon kayan kiɗa aka sauke ta daga mota, baƙa ƙirin, ta kawo mini ƙirji. A gadon bayana ta shiga shagon. Aji ban san ƙofarsa ba, amma a gabanta na koyi jitar bes. Giwa muke ce mata. In kwalaben wutar da ke kanta suka yi ja kamar garwashi, har kofunan kan tebur rawa suke yi.

Waɗanda muka fara tare duk sun kwanta dama. Ni kuwa wuta ta taɓa ja na ta wayoyin jita ta kayar, na tashi na ƙarasa waƙar. Yanzu 'yar ƙanwata ce ke riƙe da ƙungiyar kiɗanmu, ita ke waƙa.

Rannan ta zo gwaji da sabuwar amfilifaya a cikin jakar hannu. Mai otal ɗin da muke yi wa wasa duk Asabar ya ce ƙara ta yi yawa, baƙinsa ba sa jin juna. Aka tura Giwa lungu, kowa ya sa 'yar wayar jin kiɗa a kunne. Mai ganga ma ya koma dukan faifan roba.

Aka fara. Ina ganin sandarsa tana sauka, amma ƙasa shiru, jikina shiru. Na bi hannunsa da ido, na makara. Na sake makara.

Ya juyo yana dariya. “Baba, mu mun iso, kai kana tasha kana cinikin mota!”

“Ranar da na fara kiɗa uwarka ma a goye take,” na ce.

'Yar ƙanwata ba ta yi dariya ba. Ta zo ta durƙusa inda zan ga leɓunanta. “Kawu, na yi ta kiranka ta wayar. Tun yaushe?”

“Tun kina rarrafe kunnen hagu ya tafi. Na dama ya bi shi a hankali.”

“To da me kake kiɗa?”

“Da me nake zama?” na ce. “Ke kin ɗauka tsufa ne ya sa nake hawa kan Giwa? Ganga ta ƙafa take shigo mini, bes ta ƙugu. Kin taɓa kama ni da kuskure?”

Ta miƙe tsaye. Ta ce in ba za a iya ba, Asabar sai ta nemo wani. Ban ji haushinta ba, bakuna da yawa ke ci a waƙarta.

Da safe na sa aka tura Giwa a baro zuwa rumfar mai gyara. Ya ce kwalaben ba sa motsa ta sai an ƙure su, ƙurewar kuwa ita mai otal ya hana. Sai dai a cire kan mai kwalaben, a bar akwatin lasifikar, a haɗa da sabuwar amfilifayar, a zubo ganga da bes ciki ƙasa-ƙasa, fuskarta na kallon bango.

Na daɗe ina kallon kwalaben. Sannan na ce ya cire.

Asabar na hau. Mazaunin da na saba ji da ɗumi na same shi da sanyi, abin ya taɓa ni. Amma mai ganga na taka ƙafa, Giwa ta amsa a ƙashin bayana. Yarinyar amfilifayar nan ta jakar hannu ba ta da nauyi, ba ta da ƙamshi, amma ba ta yi mini ƙarya ba. A waƙa ta biyu 'yar ƙanwata ta waiwayo ta ɗaga mini gira, ta ci gaba.

Wanda ya ce ƙari na yi, ya zo Asabar. Ni zan toshe masa kunne da auduga, in miƙa masa jitar. Waƙa ɗaya tak nake so ya kai ƙarshe.