Fitilar Baba Bube

…kuma ba wanda zai sauka. Na faɗa, zan sake faɗa, ba mai shiga ramin nan sai na ce a shiga. Ku riƙe Dawuda. Ku riƙe shi da kyau, in zagi ne ya zage ni, ubansa ne a ƙasa, yana da gaskiya. Amma rami irin wannan ba ya ƙoshi da mutum ɗaya. Na farko ya faɗi, na biyu ya bi shi, na uku ya bi na biyu… haka aka koya mana a Kaduna, har da hotuna, ina ta rubutawa a littafi kamar labarin wasu mutane ne can wata ƙasa.

Minti uku ke nan, Baba Bube. Minti uku tun da aka jawo Lauwali.

Ko babur ban gama jinginewa ba na hango su suna jan igiya. Ga shi can kwance gindin marke, farar ƙasa har cikin gashin idonsa, ana yi masa fifita da hula. Yana numfashi, alhamdu lillahi. Shi ya fara sauka yau, ranar farko bayan hutun Sallah. Sun ce ya yi kira sau ɗaya, wai kansa na juyawa, daga nan shiru. Kai kuma — kai da ka haura sittin, kai da gwiwa ke hana ka zaman tahiya — ka tuɓe riga ka bi shi. Ka ɗaure shi, ka ja igiya sau biyu, suka jawo shi. Suka mayar maka da igiyar. Tana nan a miƙe, ba wanda ya ja.

Fanka na aiki, ina jin ta. Janareto na aiki. Bututun ya kumbura, iska na sauka. To me ya…? Ramin iska. Rami na biyu. Ku yaye tamfol ɗin nan! Ku yaye shi, duwatsun ma ku watsar!

Ni na ce a rufe. Ranar jajibere, hadari ya haɗo ta gabas, na ce a rufe kada ruwa ya cika mana aiki, ni zan zo da asubar ranar komawa in buɗe da kaina. Da kaina! Ni da na zana komai, ni da na tsaya gaban 'yan ƙungiyar masu haƙa a Fakku ina nuna musu takarda da bakin biro: rami biyu, ɗaya iska ta shiga, ɗaya ta fita, ku dubi ɗaki mai ƙofa ɗaya babu taga, ai kun san yadda yake da bazara. Suna gyaɗa kai. Wata biyu aka yi ana haƙar rami na biyun nan ba a samu ko buhu ɗaya na sayarwa ba, ba wanda ya yi gunaguni, saboda Injiniya Sharifuddeen ya ce. Sai ga Injiniyan ya toshe shi kwana uku. Iskar banza ta kwanta a ƙasa, ba wari ba launi, ta taru kamar ruwa a randa, tana jiran wanda zai fara sa ƙafa.

Asuba kuma ta same ni a Tambuwal. Gaisuwar Sallah, gidan wane, gidan wance, a ci wannan, a taɓa wancan. Hanyar Kebbe ta ci ruwa, na tura babur ya fi sau biyar… wa zan gaya wa wannan? Wa ya tambaye ni?

Minti huɗu.

Suna kallon aljihuna. Na sani. Ba fuskata suke kallo ba, aljihun suke kallo, inda 'yar kuka take. Haka suka sa mata suna, na'urar auna iska, don in iska ta ɓaci sai ta yi ta tsuwwa. A zura ta da igiya, in ta yi shiru a sauka, in ta yi kuka a dakata. Doka ta farko ke nan a allon da na kafa bakin rami. Da boko na rubuta allon, har da jan fenti. Kai da ajami kake karatu, Baba, ko wannan ban tuna ba.

Babban yatsana na kan maɓallin tun ɗazu, a cikin aljihu. Ina dannawa. Ina sake dannawa. Da tana da rai da ta yi ƙara sau ɗaya. Caji na tafi da ita in yi mata. Kwana uku ba a kawo wuta ba, na ce zan kai wa mai caji a bakin kasuwa, zan kai, zan kai… Na kai wayata. Wayata na kai, wallahi, ita na bar ta a jaka.

Ina suka ga abin gwada iska yau da safe? Ba 'yar kuka. Ba…

Kai ka haƙa rijiyar gidanmu. Ina ɗan shekara shida, mahaifina Malam na karantar da ɗalibai a zaure, ni na gudo bayan gida na tsugunna ina leƙe. Kowace safiya kafin ka sa ƙafa sai ka kunna 'yar aci-balbal ɗinka a cikin gwangwanin da ka huhhuda, ka yi bisimilla, ka zura ta a hankali, gaba ɗaya, gaba biyu, kana kallonta kamar mai jiran amsa. Ka ce: "Matso, Ɗan Malam, riƙa min igiya." Na riƙe. Ranar da aka cim ma ruwa ka ɗora ni a wuya ka zaga gida da ni. Ɗan Malam. Shekara talatin kana kirana haka, ko da na dawo da takardun boko, ko da na yi aure.

Har ranar nan.

Wata biyu ke nan. Na iso na same ka bakin ramin nan kana zura fitilar taka, samari sun kewaye ka. Me ya hau kaina? Sabuwar na'ura a hannu, ga baƙi biyu daga ofis sun zo duba aiki, ina son su ga tsari. Na ɗaga murya. Wuta a cikin rami? Kun san abin da littafi ya ce? In akwai iska mai kamawa fa? Wannan ramin ma'adini ne, ba rijiyar ƙauye ba! A gaban yaranka na faɗa. Ramin farar ƙasa ne, zurfinsa gaba goma sha huɗu, ni kaina na san ba iska mai kamawa a nan, na auna ya fi sau ashirin. Na sani. Burga ce kawai.

Ba ka yi fushi ba, shi ya fi ci mini rai. Ka jawo ta sama a hankali. Ka ce: "Wuta ba ta ƙarya, abin da ka kashe ta shi ka kashe mutum. Hali ukku gare ta. In ta tsaya, a sabka. In ta mutu, a koma gida. In kuwa tad durƙusa…"

Na ce ya isa, Baba. Na karɓe ta daga hannunka. Na rataye ta a ƙusa cikin rumfar kayan aiki, na ce duk wanda ya sake kunna ta ya bar aikin nan.

Ka ce: "To, Injiniya."

Injiniya. Tun daga ranar. Ina kwana Injiniya, a sauka lafiya Injiniya. Na so in zo gida in ba ka haƙuri, har na sayi goro, ya bushe a jaka. Na ce bayan Sallah.

Minti shida. A littafi minti shida… a'a. Bar littafi. Bakin bututun yana ƙasa daidai inda ake tsayawa, in a nan ka faɗi iska na bugun fuskarka yanzu haka. In a nan ne. In kuma ka ja jiki cikin lungun da muka fara kafin Sallah? Lauwali a ina ka same shi? Ba ya iya magana tukuna, idonsa kawai ke yawo. Wani ya ce ya ji tari. Wa ya ji? Tari ne ko bututu ne ke kaɗawa? Ku yi shiru mana! A kashe — a'a, kada a kashe janareto, mahaukaci ne ni?

Dawuda ya daina kokawa. Wannan ya fi tsorata ni. Ɗan acaba ne shi, bai taɓa sauka rami ba, fasinja ya ajiye ya ji ihu. Yana kallona. "Injiniya, hiddo abin nan ka gwada mana. Mi kaka jira?" Bai ɗaga murya ba.

Me nake jira? In ce iska ta gyaru, in tura mutum, ya zama na uku? In ce ba ta gyaru ba, in tsaya ina ƙirga minti kana can kana… Ban sani ba. Ba ni da abin sani. Duk zanen nan, duk lissafin iska nawa ke shiga a minti ɗaya, fanka mai ƙarfin kaza, bututu mai faɗin kaza, ya dawo kan abu ɗaya: wani ya leƙa ƙasa ya gaya mana. Na kori mai gaya mana.

Faɗa mana, Sharifuddeen. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

A kawo fitilar Baba Bube.

Na faɗa? Na faɗa, ga shi wani ya ruga rumfa. Na fito da 'yar kuka na ajiye a ƙasa kowa ya ga fuskarta baƙi ƙirin, ba sauran abin ɓoyewa.

Ga ta. Ƙura ta rufe ta, gizo-gizo ya yi saƙa a hannun. Da sauran kananzir? Akwai, ina jin motsinsa. Ashana. Wa ke da ashana? Ta farko ta karye. Ta biyu iska ta kashe. Ta uku… ta kama. Bisimilla.

Ku ɗaura mini babbar igiya a ƙugu tukuna. Ni zan sauka, ba Dawuda ba, ba kowa ba. Ku ɗaure tamau. In na ja sau biyu ku jawo, in kun ji shiru ku jawo.

Fitilar zan fara zurawa. Gaba ɗaya. Gaba biyu. Nesa da bututu, kada iskar fanka ta hure ta. Igiyar ta yi santsi a inda hannunka ya saba riƙewa, ƙulli a kowace gaba, kai ka ƙulla su. Riƙa min igiya, Ɗan Malam. Na riƙe, Baba, ga shi na riƙe. Biyar. Tana tsaye. Bakwai, tana tsaye, tana haska farar ƙasa a jikin bango. Tara. Kawuna sun kewaye bakin rami, ba mai numfashi da ƙarfi. Goma. Ya Allah. Sha ɗaya… ta rage? Nisa ne. Nisa ne ke sa ta ƙanƙance. Sha biyu.

Akwai wani abu fari a ƙasa. Ƙafa ce? Tafin ƙafa ne, kusa da bakin bututu, ko kuwa buhu ne… Sha uku.

Ba ta mutu ba.

Ba ta tsaya ba.

Ta yi ƙasa, ta tattaru a kan lagwani, 'yar mitsitsiya, ba ta rawa, ba ta tashi. Na ɗaga kai ina duban samarin nan ɗaya bayan ɗaya. Wa ya sani? Wa ya taɓa ji ya ƙarasa? Suna kallona. Ni suke jira, ni ne Injiniya. Igiya a ƙuguna, ƙafata ɗaya ta riga ta sami matakin farko, ɗayar tana kan ƙasa.

Ta durƙusa, Baba. Ga ta nan ta durƙusa.

In ta durƙusa me ake yi? Me za ka ce ranar nan, na ce maka ya isa?